Itacen ɗumi da layin lantarki: me doka ta ce a Damagaram?

Da zarar ɗari ya kankama a Damagaram, kuɗin damin itace sai ya hau, gardama kuma ta tashi a fadar shayi. Wani ya ce ai hukuma ta hana saran itace kwata-kwata, duk mai sayarwa ɓarawon daji ne. Wani ya ce da an ja layukan lantarki zuwa kowane ƙauye da tuni an daina hura murhu. Maganar kowannensu tana neman gyara.

Babbar dokar daji a Nijar ita ce mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004. Ba ta hana kowa girki ko jin ɗumi da itace ba. Ta ma bar wa mutanen da ke zaune kusa da daji haƙƙinsu na gargajiya: su tsinci busasshen itace, su ɗebi ƴaƴan itatuwa da saiwoyin magani don amfanin gida. Matar da ta yi dami ta ɗauko a ka don tuwon dare ba ta taka doka ba. Inda doka ta ja layi shi ne saran ɗanyen itace, share daji don sabuwar gona ba izini, cinna wa daji wuta, da taɓa itatuwan da aka ba kariya ta musamman tun dokar 1974, irin su gawo, kuka, tsamiya, giginya da goriba.

Da itace ya zama haja kuwa, wata doka ce ke aiki, mai lamba 92-037 ta 21 ga Agusta 1992, wadda ta tsara fatauci da jigilar itace zuwa manyan garuruwa. Kafin ita, mai babbar mota daga birni kan yanki takarda, ya kai masu gatarinsa dajin wani ƙauye, su sare son ransu, ƴan ƙauyen na kallo. Dokar 1992 ta kawo kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ya kafa kwamiti, ƴan ƙauyen su ne masu sara, a tara itacen wuri guda, a auna shi da siter, wato tarin da ya kai mita ɗaya a tsawo, a faɗi da kuma tsayi. Ɗan kasuwa ya zo nan ya saya, ya biya haraji, a ba shi takardar jigila da zai nuna wa ma'aikatan gandun daji a shingen shiga gari.

Dabarar tana cikin harajin. Idan dajin an shata iyakarsa, an raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi domin wani ɓangare ya huta, harajin ya fi sauƙi, kuma rabinsa a hannun kwamitin ƙauye yake tsayawa. Idan kasuwa ce da aka ƙayyade mata yawan abin da za ta fitar a shekara amma ba a gama tsara dajin ba, kason ƙauye ya ragu. Idan kuwa itacen daga dajin da babu tsari ya fito, harajin ya fi tsada nesa ba kusa ba, ƙauye kuma ko dala ba ya gani. Har nisa aka duba: wanda ya ɗauko daga nesa da birni ana rage masa, don a sassauta wa dazuzzukan bakin gari. A takarda tsari ne mai kyau. A hanya kuwa, amalanken da ke shigowa da asuba ta bayan gari ba shinge yake bi ba, kowa ya san da haka.

To itace zai ɗore? A nan ni ina ganin mutanen kudancin jihar nan sun riga masu gardama ba da amsa. A Magaria, Matamaye da Mirriya, tun shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani: maimakon a ƙone duk tohon da ya fito a gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a rene su, a dinga rage rassa. Gawo ya cika gonaki, ga taki, ga abincin dabbobi da rani, ga itacen girki daga sassabe ba tare da an kayar da uwa ba. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce manomi ya reni gawo shekara goma, ranar da ya sa gatari a reshe a ce ya taɓa itacen gwamnati. Dokar zartarwa mai lamba 2020-602 ta 30 ga Yuli 2020 ta zo ne kan wannan: ta amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa shi ke da haƙƙin cin moriyarsa. Duk da haka, mai niyyar kayar da babban gawo gara ya fara leƙa ofishin gandun daji, domin kariyar da ke kansa tana nan.

Batun lantarki kuwa ba zan daɗe a kai ba. Kaso mai yawa na wutar Damagaram da Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa garin Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru da aka katse ta a Agustan 2023. Ko da wutar ta zauna daram, gida nawa ne zai tuƙa tuwon mutum goma sha biyar da ita? Abin da ke iya rage wa daji nauyi a birni shi ne gas, wanda matatar man fetur ta SORAZ ke fitarwa tun da aka buɗe ta a 2011, sai kuma murhu mai cin itace kaɗan.

Amma layin wuta yana da nasa haɗi da itace, domin duk inda babban layi zai bi sai an share hanya, dogayen itatuwan da ke ƙarƙashin waya kuma a kayar. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya mai adalci, kuma kafin a karɓa, ba bayan an kafa turaku ba. Diyyar ba ta ƙasa kaɗai ba ce. Shuka da itatuwan da za a rasa suna cikin lissafi. Saboda haka ranar da masu ƙidaya suka zo gonarka, kada ka aika yaro. Ka je da kanka, tare da mai gari ko wakilinsa, a ƙirga kowace bishiya da sunanta da girmanta, a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, ka kuma nemi a ba ka taka takardar ka ajiye.