Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya a Bauchi da Gombe

Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ita ce ranar da Najeriya ta keɓe domin karrama sojojinta, waɗanda suka kwanta dama a fagen fama da waɗanda Allah ya yi wa tsawon rai suka dawo gida. Ana yin ta kowace shekara ranar 15 ga Janairu, a Abuja da dukkan manyan biranen jihohi, har da Bauchi da Gombe.

Asalin ranar

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake bikin, kamar sauran ƙasashe rainon Ingila, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas a 1970. Wannan ne ya kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka soma a watan Yulin 1967.

Ga mutumin Bauchi, ranar tana da wani nauyi na daban. A ranar 15 ga Janairun 1966 ne wasu hafsoshi suka yi juyin mulkin farko, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma kabarinsa yana nan cikin garin Bauchi. Ke nan rana ɗaya ce ta haɗa farkon fitinar da ƙarshenta, kuma ba a raba tunawa da sojan da ya mutu don ƙasa ta zauna ɗaya da tunawa da abin da bindiga ta yi wa ƙasar a hannun waɗanda aka ba amanarta.

Yadda ake bikin

Makonni kafin ranar, gwamna yakan ƙaddamar da sayar da bajon tunawa, kuɗin kuma ana cewa na tallafa wa tsoffin sojoji ne da iyalan mamata. Ana addu'a ta musamman a masallacin Juma'a, ana kuma yi a coci ranar Lahadi. Ran bikin sai a yi fareti, a yi shiru na minti ɗaya, a busa begila, manyan baƙi su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san ko wane ne ba, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Ƙungiyar tsoffin sojoji ta ƙasa tana cikin masu ajiye furanni, haka ma wakiliyar matan da suka rasa mazajensu. Wanda ya tsaya kusa zai ga dattijo cikin kakin da wanki ya koɗar, lambobinsa a jere a ƙirji an goge su fes, ƙafa tana rawa amma ya ƙi zama har sai an gama taken ƙasa.

Abin da ba ya fitowa a hoton bikin shi ne jiran fansho da garatuti, da wahalar tantancewa ga tsohon da ido ya yi wa rauni, da kuɗin makarantar marayu. Nan ne karramawar take yawan gazawa, kuma tsoffin sojoji sun sha fitowa zanga-zanga a Abuja a kan haƙƙoƙinsu.

Waɗanda ake tunawa

Tarihin soja a wannan yanki ba mai sauƙin bayarwa ba ne. Rundunar da Turawa suka kafa a 1897, wadda ta zama tushen sojan Najeriya, ita ce ta shiga Bauchi a 1902. Ita ce kuma ta yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, inda ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa a watan Yulin 1903. Da yawa daga kuratan wannan runduna Hausa suke ji, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Bikin gwamnati bai shafi mutanen Burmi ba, amma duk mai neman fahimtar abin da kishin ƙasa yake nufi a Gombe ba zai tsallake su ba.

Bayan haka sojojin Najeriya sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Gabashin Afirka. A Yaƙin Duniya na Biyu suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a 1941. Mafi tsanani shi ne yaƙin Bama (ƙasar Burma da ke Asiya, wato Myanmar ta yau), inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japan a dazuzzukan Kaladan da Arakan, cikin damina da zazzaɓi, sau da yawa kayan yaƙi a ka ake ɗaukarsu saboda babu hanyar mota. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu su ne aka raɗa wa barikoki irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Kalapanzin a Kaduna. Sai aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo daga 1960, da Laberiya daga 1990, da Saliyo, da kuma yaƙin Boko Haram da har yanzu ake binne matasa saboda shi. A Bauchi akwai birged ta 33 ta manyan bindigogi a barikin Shadawanka, da makarantar horar da sojojin tankokin yaƙi.

Abin karantawa

Ga mai jin Hausa, wurin farawa a gida yake. Malam Sa'adu Zungur, ɗan Bauchi da ya rasu a 1958, ya rubuta waƙar *Maraba da Soja* domin tarbar waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Darajarta ita ce marubucin ɗan gwagwarmayar neman 'yanci ne: ya yabi jarumtar sojan, yana kuma kallon 'yancin da aka ce don shi aka zubar da jini. Dandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa a littafin da aka buga a 1974.

Sauran galibi da Turanci suke. *Burma Boy* na Biyi Bandele, 2007, ƙagaggen labari ne na wani yaro ɗan Arewa da ya yi ƙaryar shekaru ya shiga soja. Mahaifin marubucin ya yi yaƙin Bama. *Another Man's War* na Barnaby Phillips, 2014, labarin gaskiya ne na Isaac Fadoyebo, wanda aka raunata a Bama wasu ƙauyawa Musulmi suka ɓoye shi watanni. *Fighting for Britain* na David Killingray, 2010, ya duba sojojin Afirka baki ɗaya, har da yadda aka sallame su.

A kan yaƙin basasa bai kamata a tsaya ga bakin mutum ɗaya ba. A haɗa *My Command* na Olusegun Obasanjo da littafin Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, dukkansu na 1980, domin kowannensu yana kare ɓangarensa ne. *Sozaboy* na Ken Saro-Wiwa, 1985, ya nuna yaƙin ta idon kurtun da bai san dalilin da ya sa ake harbinsa ba.

Babban giɓin shi ne ƙarancin abin da kuratan Arewa suka faɗa da bakinsu. Yawancinsu ba su yi boko ba, labarinsu a zaure da gindin bishiya ya tsaya. Waɗanda suka je yaƙin Bama kusan duk sun shuɗe, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa ƙaraminsu ya haura shekara saba'in, kuma suna nan a unguwanni da ƙauyukan Bauchi da Gombe ga ɗalibin tarihin da zai je da na'urar ɗaukar murya.