Waiwaye: Yadda Aka Yi Ta Farautar Kuskuren Amfani da Wurin da Aka Riga Aka Mayar

Tun daga shekarun 1970 da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro yaren rubuta manhaja na C a Bell Labs da ke Amurka, aron wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da mayar da shi sun rataya ne a wuyan mai rubuta manhaja. Idan ya mayar da wurin amma ya ci gaba da karanta abin da ke ciki, ya zama kamar ɗan haya da ya bar shago a Babbar Kasuwar Sakkwato ya riƙe makulli, yana komawa ɗaukar kaya bayan an ba wani shagon.

Laburaren libpq, wanda manhajoji ke bi su yi magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, misali ne mai kyau. Umarnin PQgetvalue ba ya ba ka kwafin bayanin, nuna maka inda yake cikin sakamakon tambayar kawai yake yi, kuma da zarar an kira PQclear, umarnin da ke share sakamakon, wurin ya koma hannun kwamfuta. Ɗalibin da ke gwada manhajar sakamakon jarrabawa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai iya ganin sunaye goma sun fito daidai, domin babu abin da ya rubuta a kan tsohon wurin tukuna, sai ranar da sunayen suka yi yawa a ga shirme a gurbin suna. Wannan jinkirin bayyana, a ganina, shi ne mugun halin kuskuren.

A farkon shekarun 1990 Purify, kayan aikin gano irin wannan kuskure, ya fito, amma na sayarwa ne. Valgrind na Julian Seward ya zo kyauta a 2002, yana sa ido kan kowane karatu da rubutu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai dai yakan rage gudun manhaja sau goma ko fiye. A 2012 injiniyoyin Google suka gabatar da AddressSanitizer, wanda ke killace wurin da aka mayar na ɗan lokaci maimakon a ba wani nan take, nauyinsa kuma bai cika wuce ninki biyu ba. Yaren Rust, da ya kai sigar 1.0 a 2015, yana ƙin haɗa irin wannan manhaja tun farko.

Shi kuwa libpq har yanzu da C aka rubuta shi, don haka mai amfani da shi yakan haɗa gwajinsa da -fsanitize=address, zaɓin da ke kunna AddressSanitizer, wanda ke tsayar da manhajar ya nuna layin da aka ari wurin, da layin da aka mayar, da layin da aka koma taɓa shi.