Turare mai sanyin ƙamshi

Turare mai sanyin ƙamshi, wanda masu shagon turare ke ce wa "firesh", rukuni ne na turarukan da ƙamshinsu ba shi da nauyi, yana buɗe hanci, yana sa mutum ya ji kamar yanzun nan ya fito daga wanka. A cikinsa ake lissafa ƙamshin ɓawon lemu da danginsa, da na ɗanyen ganye, da na'a-na'a, da kuma wanda ake cewa na ruwa ko na iskar teku. Abu biyu aka fi saninsu da shi, suna da daɗi lokacin zafi, sannan ba sa jimawa a jiki. Kuma abu biyun nan tushensu ɗaya, saurin tashin da ƙamshin yake yi shi ne yake sa a ji shi garas a hanci, shi ne kuma yake sa ya gudu da wuri.

Rabe-rabe

Babu wata hukuma da ta yanke me ake nufi da "firesh". Rabon da shaguna suka fi bi shi ne na masanin turare Michael Edwards, wanda ya fara tsara shi tun shekarun 1980, inda ya kasa turaruka gida huɗu manya: na fure, na ambar, na itace, sai masu sanyi. Masu sanyin kuma ya sake kasa su zuwa na lemu, na ruwa, na ganye, na 'ya'yan itace da na ganyayen ƙamshi irin su labanda.

Yadda hanci ke jinsa

Ɗan Adam yana da nau'in masu karɓar ƙamshi wajen 400 a can saman kogon hanci, aikin Linda Buck da Richard Axel na 1991 ne ya buɗe wannan fagen har suka samu kyautar Nobel a 2004. To amma cikin 400 ɗin nan babu wani guda da aikinsa shi ne jin "sanyi". Sanyin na zuwa ne ta hanya biyu. Ta farko ta jiki ce, sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a yana taɓa wata ƙofa a jijiya mai suna TRPM8, wadda ita ce dai take amsawa idan sanyi na gaske ya taɓa fata, an gano ta a 2002. Shi ya sa in ka sha alewar minti ka ja iska sai ka ji bakinka ya yi sanyi alhali ba abin da ya huce, jijiyar ce aka yi wa wayo.

Hanya ta biyu sabo ne. Shekaru da dama kamfanonin sabulu da na omo suna zuba ƙamshin lemun tsami da wani almiski na haɗi a kayansu, misali Galaxolide da kamfanin IFF ya samar a 1965, har ƙwaƙwalwar mutane ta ɗaure wannan ƙamshin da tsafta da wankakken kaya. Abin mamakin shi ne almiskin nan mai nauyi ne, yana kwana a tufafi, amma saboda sabo sai a ji shi a ce firesh ne. Kenan abin da wani zai kira sanyin ƙamshi wani cewa zai yi warin sabulun wanke-wanke ne kawai.

Tarihi

Kafin a iya tace alkohol mai ƙarfi, turaren duniya kusan duk na mai ne da na ƙaro da na hayaƙi, irin lubban da mur da sandal, abubuwa masu nauyi da ke zama. Masana na ƙasashen Musulmi sun yi nisa wajen tace ruwan fure, littafin da ake dangantawa da Al-Kindi na ƙarni na 9 yana ɗauke da haɗe-haɗen turare sama da 100. A Turai ana yawan ambaton "ruwan Hangari" a matsayin turaren alkohol na farko, da ganyen rosmeri aka yi shi, wasu na cewa wajajen 1370 ne kuma don wata sarauniya, amma wannan shekarar ba ta da ƙwaƙƙwarar madafa.

Inda labarin ya kama sosai shi ne birnin Kolon na Jamus. Wani ɗan Italiya mai suna Giovanni Maria Farina, wanda aka haifa a 1685, ya zauna a can, kuma da shagon gidansu da aka buɗe a 1709 ake danganta ruwan ƙamshin da ya sa wa sunan garin, Eau de Cologne, wato ruwan Kolon. Daga nan kalmar kolon ta samo asali, wadda yau har a Amurka kusan duk turaren maza ake kira da ita. Haɗin nasa man ɓawon lemu ne kala-kala, bagamot da lemun tsami da lemun zaƙi, da man furen lemu mai ɗaci da ake kira neroli, da ɗan ganyayen ƙamshi, duk a narke cikin alkohol. Wasu marubuta na cewa ba shi ne ya ƙirƙiro ba, daga wani ɗan yankinsu Giovanni Paolo Feminis haɗin ya fito, maganar dai ba a gama ta ba.

A zamanin da attajiran Turai suka saba da almiski da jibda masu kauri, wannan ruwan ya zo musu da wani abu daban. Kuma ba a ɗauke shi turare kaɗai ba, magani ne a wurinsu, ana shafawa, ana zubawa a ruwan wanka, wasu ma sha suke yi. Napoliyon, sarkin Faransa, ya shahara da yawan amfani da shi, kwalabe da yawa a wata, adadin dai kowane littafi da nasa. Shi ne kuma a 1810 ya fitar da doka cewa duk mai sayar da maganin da haɗinsa sirri ne sai ya bayyana abin da ke ciki, masu kolon da ba sa son asirinsu ya tonu sai suka daina kiransa magani suka ce ai na ƙamshi ne kawai. Wannan yawan zubawar da ake yi ya nuna cewa mutanen lokacin ba su damu da ya daɗe ba, ka watsa, ka ji daɗi, ya tafi, anjima ka ƙara.

Da kasuwa ta buɗe sai 'yan kwaikwayo suka cika gari, kowa na liƙa sunan Farina a kwalbarsa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. A cikin masu amfani da sunan har da gidan Mülhens, waɗanda wajajen 1881 suka bar shi suka tsaya kan 4711, lambar da aka ba gidansu a titin Glockengasse lokacin da aka yi wa gidajen Kolon lamba zamanin shigowar sojan Faransa a shekarun 1790. Kamfanin yana cewa wani malamin coci ne ya ba Wilhelm Mülhens haɗin a matsayin gudummawar aure a 1792, labari ne mai daɗin ji dai. A Faransa kuma gidan Guerlain ya yi Eau de Cologne Impériale a 1853 don Eugénie matar Napoliyon na uku, har yanzu ana sayar da shi.

Ƙarni na 20 ne aka tashi haiƙan neman yadda za a riƙe wannan sanyin kar ya gudu. Germaine Cellier ta yi Vent Vert wa gidan Balmain wajajen 1947, ta cika shi da ƙaron galbanum da ake samowa daga Iran, mai ƙamshi kamar an karya ɗanyen kara, daga nan gidan "na ganye" ya samu gindin zama. Sai babban sauyi a 1966, lokacin da Edmond Roudnitska ya haɗa Eau Sauvage wa Dior ya sa wani sinadari mai suna Hedione na kamfanin Firmenich a Siwizalan. Shi Hedione ƙamshinsa siriri ne kamar na furen yasmin da aka tsarma, amma yana da nauyin da zai zauna awanni, kuma yana sa hanci ya ci gaba da jin kamar lemun bai tafi ba.

A wannan shekarar ta 1966 masu bincike a kamfanin magani na Pfizer suka samar da Calone, mai ƙamshi tsakanin kankana da iskar bakin teku, amma ya yi shekara wajen 20 ba wanda ya kula shi sosai. Kafin lokacinsa ya zo, wani sinadarin mai suna dihaidiromasinol, mai ƙamshin lemun tsami da sabulu, ya cika turarukan maza ta hanyar Drakkar Noir na 1982 da Cool Water na Davidoff na 1988 wanda Pierre Bourdon ya haɗa. Shekarun 1990 kuma suka zama na ruwa zalla: Escape na Calvin Klein a 1991, L'Eau d'Issey a 1992, CK One a 1994 wanda aka tallata wa maza da mata baki ɗaya, sai Acqua di Giò na maza a 1996 daga hannun Alberto Morillas. Ba wanda ya taɓa matse teku ya fitar da mai, saboda haka kusan duk ƙamshin "ruwa" da ke kasuwa aikin ɗakin gwaje-gwaje ne.

Me ya sa ba ya jimawa

Kafin ka ji ƙamshin abu sai ƙwayoyinsa sun tashi daga jikinsa sun shiga iska. Ƙananan ƙwayoyi marasa nauyi suna tashi da sauri, manya suna jan ƙafa. Limonin, wanda shi ne sama da kashi 90 cikin 100 na man ɓawon lemun zaƙi, nauyin ƙwayarsa 136 ne kuma yana tafasa a digiri 176, shi kuwa Galaxolide nauyinsa 258, santalol na sandal kuma sai wajajen digiri 300 yake tafasa. Tsaya gaban mai lemu lokacin da yake feraye ɓawo da wuƙa, za ka ga wani siririn feshi yana tashi, ƙamshin ya cika wurin nan take, amma kafin ka gama shan lemun ka yar da dusar ya riga ya bar hannunka. Gyalen da aka turara da humra kuwa ko bayan sati biyu aka buɗe akwati yana nan.

Kan wannan aka gina maganar hawa uku na turare, ƙamshin farko, na tsakiya da na ƙarshe. Septimus Piesse na Landan ne a tsakiyar ƙarni na 19 ya kwatanta ƙamshi da sautin kiɗa, daga baya William Poucher ya ɗiga kayan turare a kan takarda yana auna daɗewarsu, ya jera su daga 1 zuwa 100, inda 1 zuwa 14 ne na farko, 15 zuwa 60 na tsakiya, sauran na ƙarshe. Dangin lemu suna can farkon jerin. A fata ana ƙiyasta musu daga 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu, ya danganta da mutum da yanayi.

Yawan man da ke cikin kwalba ma yana da nasa, kolon yakan ɗauki kashi 2 zuwa 5, wanda aka rubuta EDT (Eau de Toilette) a kwalbarsa 5 zuwa 15, EDP (Eau de Parfum) 15 zuwa 20, amma waɗannan alƙaluman al'ada ce ta masu sana'a, ba doka ba. Kuma ƙara yawan man lemu ba ya mayar da shi sandal, ƙarfinsa ne zai ƙaru a mintocin farko sannan ya tafi kamar yadda ya saba. Duk turaren firesh da ya wuni a jikinka, in ka shinshina da yamma abin da za ka samu almiski ne ko sinadaran haɗi masu nauyi irin su Ambroxan da Iso E Super, lemun ya daɗe da tafiya.

Sai kuma gajiyar hanci. In ƙamshi ɗaya ya daɗe yana shiga, ƙwaƙwalwa takan daina kula shi, mai turaren ya ɗauka ya baje alhali na kusa da shi yana ji. Wasu mutanen ma tun asali ba sa jin wasu nau'in almiski.

Bagamot

Mafi yawansa daga gaɓar Reggio Calabria a kudancin Italiya yake fitowa, ana kuma noma shi a Kodebuwa, shi ne ƙamshin shayin Earl Grey. Matse ɓawon ake yi ba tare da wuta ba saboda zafi na ɓata shi. Ɗanyen man yana da sinadarin bagabten da ke ƙona fata ya bar baƙin tabo in rana ta buga wurin, shi ya sa ƙungiyar masu sana'ar turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade shi, yawancin na yanzu an cire masa.

A ƙasar Hausa

Nan ma'aunin turare mai kyau shi ne ya kama jiki ya kama kaya, a bi ta wuri a san an wuce. Humra da turaren wuta na Barno da Chadi da Sudan, da ud da almiski, da turaren mai irin Bint el Sudan, duk kayan hawa na ƙarshe ne, an gina su don zama. Wanda ya saba da su in ya sayi turaren lemu sai ya auna shi da wannan ma'aunin. A shago mai turare zai fesa maka a bayan hannu, ka shinshina a take ka ji ya yi, ka biya, ka fita cikin ranar Afrilu ta Kano ko Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, kafin la'asar babu shi babu dalilinsa, sai a ce an sayar maka da na bogi. Wani lokacin na bogin ne da gaske, amma ko na asalin haka zai yi, sai dai ya ɗan fi jurewa. Hunturu ma ba sauƙi, busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, shi ya sa masu shafa mai mara ƙamshi kafin su fesa ko masu fesawa a kan shadda suke samun ƙarin lokaci, ko da yake wani turaren na barin tabo a farin yadi.

Wani sanyin ƙamshin da kowa ya sani a nan shi ne na ƙasa in ruwan farko ya sauka. Masu bincike biyu a Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, suka raɗa masa suna petirika a 1964, kuma a garin Kannauj na Indiya ana tace gasasshen yumɓu a kama ƙamshinsa cikin man sandal, suna kiransa mitti attar.

Alkohol

Malamai sun yi saɓani kan turaren da ke da shi, wasu sun halatta wasu sun ƙi. Masu gudunsa kan sayi na mai, sai dai a cikin mai, ƙamshin lemun ba ya tashi da irin wannan kaifin.

Ajiya

Man lemu na cikin waɗanda suka fi saurin lalacewa, iska da haske da zafi suna juya limonin ya koma wani wari kamar na fenti, har yakan sa wasu ƙaiƙayi. Kwalbar da aka bari a cikin mota ko a kan taga hawan farkonta ne ke fara mutuwa, sai ka fesa ka ji tsami-tsami na ɗan lokaci kafin sauran ƙamshin ya biyo baya yadda yake.