Waiwaye: Daga jakar iska zuwa ɗigon jini, yadda aka riƙa auna juriyar 'yan tsere

Gwajin da ake yi wa masu gudun dogon zango da 'yan tseren keke ba shi da daɗi ko kaɗan. Za a ɗaura wa mutum takunkumi mai bututu, ya hau injin gudu, ana ƙara masa sauri duk bayan 'yan mintuna, ana kuma tsira masa allura a kunne ko a yatsa don ɗiban ɗigon jini, har sai ya ɗaga hannu ya ce ya gaza. Sai a miƙa masa takarda cike da alƙaluma. An kwashe kusan shekara ɗari ana ja-in-ja kan abin da alƙaluman nan ke faɗa.

Abin ya samo asali ne daga A. V. Hill, masanin Ingila da ya samu lambar yabo ta Nobel ta 1922 kan binciken aikin tsoka. Shi kansa mai son gudu ne, don haka bai tsaya neman wanda zai gwada ba. A Manchesta ya riƙa zagaye wani ɗan fili mai ciyawa, goye da jakar tara numfashi irin wadda C. G. Douglas ya ƙirƙiro a 1911, daga baya a auna iskar da ta taru a ciki. A 1923 shi da Hartley Lupton suka bayyana abin da suka gano: iskar oksijin da jiki ke sha tana ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa, har ta kai wani matsayi ta tsaya cik, ko da mutum ya ƙara sauri. Wannan iyakar ce ake kira VO2max.

Da aka samu ma'auni, sai aka shiga farautar wanda ya fi kowa. A 1937 masu bincike na jami'ar Harvard suka auna ɗan tseren Amurka Don Lash, suka samu sama da mililita 80 na oksijin a kowane kilo na nauyin jiki a minti ɗaya, kusan ninkin na saurayi mai lafiya wanda ba ya atisaye. A Siwidin kuma Per-Olof Åstrand da Bengt Saltin suka nuna cewa masu tseren kan ƙanƙara na dogon zango ne a sahun gaba. Sai aka ɗauka an gano sirrin zakaru.

Ashe da sauran rina a kaba. Derek Clayton na Ostireliya, wanda ya kammala gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 33 (2:08:33) a 1969, bai ma cika 70 ba. Frank Shorter, da ya lashe zinare a gasar Olamfik ta 1972, kusan 71 yake da shi. Mutanen da suka fi su alƙaluma a takarda da yawa sun sha ƙurarsu a hanya. Ko a baya-bayan nan an sake ganin haka: a 2012 aka auna matashin ɗan tseren keke na Nowe, Oskar Svendsen, ya haura 96, amma bayan shekara biyu ya ajiye keken. Girman inji daban, yadda mota ke cin mai daban.

Wannan ne ya karkatar da hankali zuwa jini. A 1964 Karlman Wasserman da Malcolm McIlroy suka yi bayanin matakin da sinadarin laktet, wanda tsoka ke fitarwa, ke fara taruwa a jini idan aiki ya tsananta, kuma masu ciwon zuciya suke dubawa a lokacin, ba 'yan wasa ba. A 1976 Alois Mader da abokan aikinsa a birnin Kolon na Jamus suka tsayar da milimol 4 a kowace litar jini a matsayin kan iyaka. Masu horaswa suka rungumi lambar saboda sauƙinta, ko da yake a ganina sauƙin ya yi yawa, domin wani iyakarsa tana ƙasa da 4, wani kuma sama. Laktet ɗin ma da aka daɗe ana zarginsa da kawo gajiya, binciken George Brooks a shekarun 1980 ya nuna makamashi ne da tsoka da zuciya ke ƙonawa.

Babu labarin da ya fito da amfanin gwajin fili kamar na Paula Radcliffe, 'yar gudun fanfalaki ta Birtaniya. Masanin Birtaniya Andrew Jones ya riƙa auna ta tun tana matashiya har zuwa 2003, shekarar da ta kafa tarihi da 2:15:25 a Landan. Duk tsawon lokacin VO2max ɗinta bai yi nisa da 70 ba. Abin da ya canja shi ne yawan oksijin da take buƙata a sauri iri ɗaya, wanda ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, wato ta ƙara tsimin oksijin. Da gwaji ɗaya aka yi mata aka tsaya, da an ce ba ta ci gaba ba. Maimaita shi a kan mutum ɗaya, shekara bayan shekara, shi ya nuna inda horon ke shiga.

Tun 1991 likitan Amurka Michael Joyner ya haɗa abubuwan uku, wato VO2max da iyakar laktet da tsimin oksijin, ya lissafa cewa ɗan Adam zai iya gudun fanfalaki cikin 1:57:58. An ɗauke shi mai mafarki. A 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi 1:59:40 a Biyana, duk da cewa ba a sa shi a kundin tarihi ba saboda yadda aka tsara gudun.

Yanzu gwajin ya baro ɗakin bincike ya koma filin atisaye. A Nowe, salon da ɗan tsere Marius Bakken ya fara, 'yan tseren gidan Ingebrigtsen suka yayata, shi ne a riƙa ɗiban jini tsakanin zagaye da 'yar na'urar hannu. Abin mamaki, yawanci don a taka wa ɗan tsere birki ake yi: idan laktet ya haura, a ce ya sassauta, domin ya iya dawowa atisaye na biyu da yamma. Agogon hannu ma yana ba da lambar VO2max, sai dai kintace ne daga bugun zuciya da saurin gudu, ba ya auna numfashi, kuma zafin rana ko rashin barci kaɗai na iya sa lambar ta sauka.