Waiwaye: Daga Maƙerar Dala Zuwa Lissafin Kwamfuta

Kowane maƙeri a Kano ya san idan ya tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta cikin ruwa zai yi tauri amma ya yi saurin karyewa, in kuwa ya bar shi ya huce a hankali sai ya yi laushi. Sanin ya daɗe a garin nan, don tarihin baka ya ce sunan Kano ma na wani maƙeri ne daga Gaya da ya zo gindin Dala neman tama.

Dalilin taurin kuwa ido bai fara ganinsa ba sai wajen 1864, lokacin da Henry Sorby na Ingila ya goge ƙarfe, ya shafa masa asid, ya leƙa ta madubin ƙara girma. Ashe ƙarfe ƙwayoyi ne cunkushe da juna kamar tsabar gero a mudu. A 1934 Taylor da Orowan da Polanyi, kowa daban, suka bayyana cewa ƙarfe yana lanƙwasa ne saboda 'yan kurakurai a jerin ƙwayoyin zarra, masu zamewa idan an matsa su. Hall a 1951 da Petch a 1953 suka nuna cewa ƙanƙantar ƙwayoyin nan da Sorby ya gani tana ƙara wa ƙarfe ƙwari.

Tsadar man fetur ta 1973 ta sa kamfanonin mota neman farantin ƙarfe marar nauyi mai ƙarfi. Daga nan aka rungumi ƙarfe mai haɗi biyu, wato tsibiran mai tauri warwatse cikin mai laushi, kamar tsakuwa a laka. Lissafin inda irin wannan zai fara tsagewa ya fi ƙarfin alƙalami. A farkon shekarun 1980 aka soma ɗora lissafin zamewar a kwamfuta. Yau ana zana ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a ja su a allo, a ga wahala tana taruwa a iyakar mai tauri da mai laushi, inda tsaga kan soma. Manhajar DAMASK mai yin irin wannan lissafi, ta cibiyar bincike ta Max Planck a Jamus, kyauta ce, ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero zai iya sauke ta.

Abin da ya dame ni shi ne garejinmu. Motocin da ke shigowa yanzu da irin wannan ƙarfe aka ƙera ginshiƙansu, amma mai gyaran jikin mota har gobe wutar gas yake sa wa ya miƙe su, kamar yadda ya koya a kan tsohuwar Fijo. Zafin nan yana rusa tsarin ƙwayoyin da aka lissafa. Motar za ta fito sumul da sabon fenti, alhali ginshiƙin da zai kare fasinja ranar hatsari ya riga ya yi rauni.