Makiyaya ta mutu ko hutu take nema?

Duk ƙauyen da na shiga tsakanin Daura da Mai'aduwa, tambayoyin nan ne dai ake maimaita mini. Ga amsa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Shanu ne ke kashe ciyawa?

A'a. Rashin hutu ne. Shanu ma taki suke bar mata.

Me ya sa tafasa da ƙarangiya suka cinye inda da gamba take?

Dabba mai daɗi take zaɓa. Ta kwashe gamba da kyasuwa tun ba su zubar da iri ba, ta bar tafasa tana 'ya'ya. In aka jera shekaru a haka, me kuke tsammani zai fito?

A ƙona daji don sabuwa ta tsiro?

Kar ku ƙona! Saboda gafiya biyu a babbake abincin dabbobin gari guda, a bar ƙasa tsirara iskar hunturu ta kwashe ta? Haba jama'a.

Har yaushe za a hana kiwo kafin fili ya farfaɗo?

Wannan kam amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da ruwan shekarar, da irin ƙasar, da ko akwai sauran iri a cikinta. Jigawa mai yashi, in damina ta yi kyau, a rufe ta daga saukar ruwa har wajen Oktoba da ciyawa ke zubar da iri. Sau da yawa akan ga bambanci a shekarar farko. Gamba kuwa tana iya neman damina biyu ko uku. In wurin ya zama faƙo, ruwa na zuba yana gudu, hutu kaɗai ba zai yi ba, sai an haƙa ramukan rabin wata, a zuba taki, a watsa iri. Kuma kada a rufe duka lokaci guda, dabbobin ina za su? A raba, ana hutar da wani ana kiwon wani, burtali a bar shi a buɗe. Sannan a zauna da arɗo da dagaci tun farko. Na ga inda aka killace fili ba a gaya wa mutanen ruga ba, ko mako bai yi ba aka shiga.

Kalgo da sabara fa, a sassabe su?

A bar rassa biyu ko uku a kowane kututture. Manoman Maraɗi sun fara haka tun shekarun 1980, ku je ku ga gonakinsu. Gawo kuma kada a taɓa shi.

Ina ruwan ciyawa da sauyin yanayi?

Yawancin kabon ɗin da makiyaya take riƙewa, wato sinadarin da ke ɗumama duniya in ya taru a iska, yana ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwa da ruɓaɓɓen ganye. In aka huɗe ta ko ta zaizaye, sama yake komawa. Ku kwantar da hankalinku, saiwar gamba ba ta saurin mutuwa.