Tashi zuwa sabon gida ana tsakiyar maganin cutar kansa

Idan akwai mai karɓar kemo (maganin cutar kansa da ake yawan bayarwa ta ƙarin ruwa) a gida kuma tashi ya kama, a duba katin asibiti kafin a kira mai a-kori-kura. Yawancin kemo duk bayan kwana 21 ake yin sa. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan ƙarin ruwan, fararen ƙwayoyin jini da ke kare jiki suna yin ƙasa sosai, a lokacin ne mura kaɗai kan kwantar da mutum. Saboda haka a sa ranar kwasar kaya a mako na uku, ko da sai an roƙi mai gidan haya alfarmar 'yan kwanaki. Wanda ake yi wa gashi (ƙona kansar da hasken na'ura) Litinin zuwa Juma'a kuwa, a tashi ranar Asabar, don tsallake ranaku yana rage aikin gashin.

Mara lafiya shi ne na ƙarshen shiga. A share gidan, a goge da ruwa da bilic, a bar tagogi a buɗe warin fenti ya fita, domin yana tayar da amai. A ɗaga kai a dubi silin. Baƙin tabo alamar yoyo ne da fumfuna, kashin jemage ko na tattabaru kuma ya fi shi muni. Ƙurarsu na iya sa ciwon huhu ga wanda jininsa ya yi ƙasa. Masu lafiya su yi wannan aikin, shi ya kwana wajen 'yan'uwa. Matar da aka cire wa mama har da kaluluwar hammata, kar ta ɗauki bokiti ko akwati da hannun wannan ɓangaren, ko da ta ce ta ji ƙarfi. Kumburin hannun idan ya zo ba ya saurin tafiya.

Magunguna da takardu su zauna a jakar hannu, ba cikin Ghana-must-go a bayan mota rana na dukan su ba: kati, sakamakon gwajin naman da aka ɗiba, hotuna, da gwajin jini na ƙarshe. Allurar da aka ce a sa a firij tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A sa ta a kula, a naɗe ƙanƙarar da tsumma kar ta daskare. Mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, a kulle shi, ranar tashi yara ko'ina hannunsu na kaiwa. Wanda zai koma Bauchi daga Gombe ya karɓi wasiƙar likita mai ɗauke da sunan magungunan, yawansu, da zagaye nawa aka yi.

Daren farko a rataya gidan sauro, a tafasa ruwan sha tun da ba a san daga ina 'yan garuwar unguwar ke ɗebowa ba. Masu zuwa barka da sabon gida, mai tari ya gaisa daga zaure.

Idan an koma unguwar Tumfure ko Pantami a Gombe, a gwada hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya na garin tun da rana, a riƙe lambar mai Keke Napep da zai fito cikin dare. Ma'aunin zafin jiki ya kwana kusa da filo. Da ya nuna digiri 38, ko sanyi ya kama mutum yana karkarwa, kar a ce gajiyar tashi ce, kar a sha farasitamol ko a tsaya a kemis. A nufi sashen gaggawa nan take, a faɗa wa ma'aikacin farko ranar da aka yi kemo na ƙarshe.